Yadda Za Ka Gyara Manhajar Asibiti Ba Tare da Ka Taɓa Shiga Asibiti Ba

Kai mai ordinatar, wato kwamfuta, matso kusa. Akwai manhajar da asibitocin karkara ke rajistar jarirai da ita, buɗaɗɗiya ce, kowa na iya ƙara mata sashe kyauta. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin damina ta faɗi za a riƙa kiranka injiniya. Sadisu na Matameye ya bi su, yanzu ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Mataki na 1: Nisanci asibiti

Can akwai zafi, da kukan yara, da mata masu tambaya. Gwani ba ya buƙatar ganin mai jego kafin ya tsara mata rayuwa. Sadisu a gindin bishiyar da rezon salula ya fi ƙarfi ya zauna, da shayinsa.

Mataki na 2: Zaɓi sashen da ke aiki lafiya

Wanda ya lalace wahala gare shi. Sadisu ya duba sashen rajista, ya ga ana iya shigar da jariri ba suna, ransa ya ɓaci. Wannan ai sakaci ne! Ya mayar da gurbin suna dole. In ba suna ba lambar rajista, in ba lamba sashen magani ba zai saki allurar rigakafi ba. Masu duba aikin daga ƙasashen nesa suka yaba, suka karɓa.

Kada ka tuna cewa a garinku sai rana ta bakwai ake raɗa suna. Kai ma haka aka yi maka, amma lokacin ba ka da wayo.

Mataki na 3: Toshe dabarar ma'aikata

Najaha, ungozoma a wani ƙaramin asibiti wajen Ɗan Barto, ta fara rubuta wa kowa “Jariri” don aiki ya tafi. Sadisu ya gano, ya hana manhajar karɓar kalmar. Ta kira shi a salula, har da “Mushe” ɗin girmamawa na Faransanci.

“Mushe Sadisu, don Allah ga Balki a gabana, tun safe ta taho a amalanke. Ɗanta kwana uku. Yau kaɗai muke buɗe kwalbar allura, kuma majo, shugaban asibitinmu, ya ce ba lamba ba allura.”

“Madam, ki rubuta ƙorafi a shafin manhajar, da Turanci, ki haɗa da hoton allo.”

Ka haddace amsar nan, za ta yi maka amfani har tsufa.

Mataki na 4: Bar uwa ta fahimta da kanta

Balki ta ce, “Madam, to ni in ƙaga masa suna? Babansa da malam ba su faɗa ba, ni ce zan riga su?” Ta goya ɗanta ta juya. An ce ta dawo bayan suna. Bayan suna ruwa ya sauka, shanun amalanke suka koma gona, hanya ta yanke. Najaha ta yi makonni tana leƙen ƙofa, abin yana cin ta.

Mataki na 5: Fitar da rahoto

A nan daɗin yake. Duk jaririn da ke cikin manhaja ya samu allura, ɗari bisa ɗari. Sadisu ya saka jadawalin a shafinsa, har an gayyace shi taro a Damagaram ya koya wa wasu.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba likita ba ne, kuma manhajar kyauta ce, ba ta da garanti. Duk abin da ya samu ɗan Balki, tari ne ko shan inna, kada a nemi Sadisu, kada a neme ni. Mun bincika sosai, a wajenmu ba a haifi yaron ba.