Kaset ɗin Na Gaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya raba ni da bas ɗina ba. Lokacin ina direba, ina kwasar alhazai daga filin jirgin Madina zuwa masauki, iƙamata, wato takardar zamana, a hannun kafil, uban gidan da ya tsaya min, bayana kullum yana ciwo.

Akwai wani ɗan Indunusiya mai dakon kaya a filin jirgin, shi ya ba ni kaset. Ya ce ƙanensa da abokansa suka yi shi a garejin gida, sabo fil, babu kamfani. Sunan kiɗan wai fank. Na saka, na ji kamar ana faɗa da tukwane. Jita tana kuka kamar injin niƙa, mai ganga kamar an zage shi, mawaƙin ko murya ba shi da ita. Amma wallahi ban taɓa jin abin da ya faɗi gaskiyata kamar kaset ɗin nan ba. A waƙa ta farko akwai inda suke ihu tare, ni kunnena "Na gaji, na gaji" yake ji. (Yarensu ne, ban san me suke cewa ba, ban kuma tambaya ba don kada a ɓata min.) In na sauke alhazai na rage ni kaɗai, sai in ƙure sauti, ina dukan sitiyari ina taya su.

To, Madina ce. Ba a ajiye irin wannan a fili. Da wayona na ɗan firamare, na rubuta a jikinsa: "Ladubban Ziyara".

Wata rana da hantsi na ɗauko tsofaffi 'yan Katsina, malaminsu na zaune a gefena. Suna ta salati, wasu har da hawaye. Malam ya ga kaset ɗin, fuskarsa ta washe.

"Malam direba, Allah ya yi maka albarka. Abin da muke nema ke nan."

Kafin in ce uffan ya tura shi. Ganga ta fashe, salati ya tsaya cak. Da na kashe nan take, da na ce kuskure ne. Amma hannuna ya riga ya saba, sai ga shi yana dukan sitiyari, ni kuma na buɗe baki da ƙarfina: "Na gaji, na gaji."

Malam ya zare kaset ɗin da yatsu biyu. Can wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ɗan nan, in ka gaji ka tsaya ka huta mana. Mu dai kada ka kashe mu ba mu yi ziyara ba."

Da yamma mudir, manajanmu, ya kira ni. Ba ƙarar kiɗa suka kai ba, tausayina suka ji, suka roƙe shi ya hutar da ni.

"Ta'aban kake, ya akhi, ka gaji ko? Khalas, shi ke nan, ba kai ba alhazai."

Ya mayar da ni jigilar dabino daga Badr, a wata tsohuwar mota da ko rediyo babu. Kaset ɗin ma bai dawo ba. Har yau in na shiga unguwar Aƙiƙ, 'yan uwanmu Hausawa ba sa kiran sunana, sai "Nagaji, ya gajiya?"

Abin da na koya bai da yawa. In za ka ɓoye abu a Madina, kada ka rubuta masa sunan alheri. Wani zai so ya samu lada da shi.