Dattijon da Na Buɗe wa Ƙofa

A kamfaninmu da ke yi wa gwamnati aikin kwamfuta a garin Sterling na Amurka, ba a buɗe wa kowa ƙofa, kowa da katinsa yake shiga. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata wannan doka, har da kaɗa yatsa.

Wata safiya na tarar da wani dattijo yana fama da kwali. Na buɗe masa, na karɓi kayan, na raka shi ciki. Ashe jami'in tsaro ne aka turo ya gwada mu.

Da ƙyar aikina ya tsira. Aka mayar da ni aji, cikin ɗalibaina.

Matata, Allah ya jiƙanta, ta yi dariya har da hawaye, ta naɗa ni Sarkin Ƙofa. Har yau 'ya'yanmu sukan tsaya a bakin gida su ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe mana."