Yaƙin Malam Ɗayyabu da Iyayen Aji Uku

Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya halicci alli fari da allo baƙi, ya kuma hore wa wasu bayinsa haƙurin wuni da yara hamsin da biyu a ɗaki ɗaya. Bayan haka, ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali, ku ji labarin Malam Ɗayyabu ɗan Wada mai gyaran rediyo, jikan Barau wanda ya taɓa kashe kunama da takalmin wani, tattaɓa-kunnen Ɗanjuma da tarihi bai riƙe masa komai ba sai ƙarfin atishawa. Shi ne Sarkin Yaƙin aji uku na firamaren Unguwar Rini, Garkuwan rajista, dodon masu makara, giwa mai yawo da jar biro a aljihu, wanda in ya yi gyaran murya 'yan bencin gaba kan yi tsit har na tsawon minti guda.

Asalin fitinar kuwa wani akwati ne na ƙarfe mai ɗauke da littattafan labarai guda arba'in, wanda aka damƙa wa ajinsa a farkon shekara. Albarkacin akwatin nan, yaran da a da ba sa bambance baƙi da wasali suka wayi gari suna karanta shafi sukutum. Sai dai labarin wannan gagarumar nasara bai taɓa tsallake katangar makaranta ba, domin duk yaron da aka tambaya a gida me aka yi yau, amsarsa ɗaya ce: “Shara.”

Ranar wata Litinin hedimasta ya kira shi ofis, ya ce, “Malam Ɗayyabu, Alhamis ta sama iyaye za su zo su ji karatun 'ya'yansu, kowane aji da nasa. Wancan zangon mutum uku ka samu. In wannan karon ba su kai ashirin ba, akwatin nan zai koma aji huɗu.”

Sai jinin Barau ya motsa. Gwarzon ya ɗaura ɗamara, ya zare alƙalami daga kube, ya rattaba wasiƙu hamsin da biyu da hannunsa har yatsunsa suka sandare, kowace ta buɗe da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ya raba wa rundunarsa, ya ɗaga rula sama ya yi kururuwa: “Hannun uba ko hannun uwa! Wanda ya yar, ni da shi!”

Kaico! Kafin a yi la'asar, wasiƙu goma sha ɗaya sun zama jiragen sama sun yi hijira zuwa rufin masallaci. Wasu sun yi shahada a kwata. Washegari da safe, da ya tsaya sayen ƙosai a bakin titi, sai Iya mai ƙosai ta miƙo masa na ɗari biyu a ƙunshe cikin rubutun hannunsa, mai ya jiƙe daidai inda ya sa hannu. Ya cinye ƙosan, domin ba a yaƙi da yunwa, amma Allah ne kaɗai ya san abin da ya haɗiye tare da shi.

Da rundunar takarda ta karye, sai ya koma ga makamin zamani. Ya tattara lambobin iyaye, ya buɗe musu zaure a waya, ya aika da sanarwa gajera mai ma'ana. Ko minti biyar ba a yi ba zauren ya cika maƙil: masu sallama, masu amsa sallama, masu amsa amsar sallama, wata baiwar Allah mai tallan atamfa, wani mai maganin basir, sai wani dattijo da ya turo saƙon murya na minti tara wanda babu komai a cikinsa sai kukan kaji. Sanarwar ta nutse kamar allura a rijiya. Ya sake turawa, ya kuma sakewa. A karo na shida ne Alhaji Maikuɗi mai shagon siminti, wanda shi Ɗayyabun da kansa ya naɗa mataimakin shugaban zaure saboda girmamawa, ya rubuta: “Wai wane ne wannan mai damun mutane?” Ya cire Malam Ɗayyabu daga zauren.

Masu tarihi sun yi saɓani a kan abin da sadaukin ya faɗa a wannan sa'a. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne, ya ajiye wayar, ya je ya buɗe akwatin, ya tsaya yana duban littattafan da gefensu ya yi baƙi da yatsun yara. Ya tuna Sahura 'yar bencin baya, wadda ta shekara biyu ba a ji muryarta ba, ranar da ta kai ƙarshen shafi ta ɗago kai tana dubansa kamar ta tsinci zinariya. Ya rufe akwatin ya ce, “Ƙafa ta kai ni.”

Haka ya fita daga, ba doki ba raƙumi, sai takalmi sau-ciki da ya sha faci sau uku. Kwana shida, daga tashin makaranta har rana ta yi ja, yana keta lunguna yana kwaɗa sallama. A wani gida aka ɗauka mai allurar rigakafi ne, aka ɓoye yara. A wani aka ɗauka ɗan siyasa ne, aka tambaye shi ina taliya. A gidan su Sahura wani toron agwagwa, baƙin mugu mai jan ido, ya yi masa kwanton ɓauna a zaure, suka yi karon battar da har yau ake ba da labarinta, jarumin ya ja da baya cikin hikima irin ta manyan mayaƙa, wato ya haye turmi yana cewa, “A kawo ɗauki, jama'a!” Daga kan turmin ya isar da saƙonsa ga mahaifiyar yarinyar, ita kuwa tana ta toshe baki da mayafi. Ya sha kunun zaƙi a gida goma sha huɗu don kada a ce ya raina, cikinsa ya riƙa kaɗa tambarin da ba na nasara ba.

Ranar Alhamis ta zo. Da ƙarfe goma babu kowa sai kujeru. Ya tsaya a bakin ƙofa, gumi na bin bayansa. Can sai ga mata uku, sai ga mai faci da hannunsa duk baƙin mai, sai ga Iya mai ƙosai, sai ga Alhaji Maikuɗi da kansa yana tambayar ina malamin yake. Mutum talatin da huɗu, har aka aro benci. Yara suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna karatu. Da Sahura ta kai aya, mahaifiyarta ta rangaɗa guɗar da ta firgita hedimasta a ofis, ta ce, “Malam, ashe ba shara kawai kuke yi ba!” Hedimasta ya leƙo, ya ƙirga kawuna, ya gyaɗa kai. Akwati ya tsira.

Gwarzon ya fito baranda yana taku ɗai-ɗai, iska na kaɗa rigarsa kamar tuta, yana jin cewa da Barau na raye da ya miƙa masa takalmin nan da ya kashe kunama da shi. Nan ya yi kiciɓis da Malama Asabe ta aji ɗaya, tana riƙe da hannun wata 'yar ƙaramar yarinya mai kumburarrun idanu. Ya duba da kyau. Ummi ce, 'yarsa ta cikinsa.

“Malam, barka da nasara,” in ji Malama Asabe. “Iyayen ajina duk sun zo sun tafi. Saura mutum ɗaya.”

“Ai ba a sanar da ni ba,” in ji Sarkin Yaƙi.

Ummi ta ja majina ta ce, “Baba, sau uku ina miƙo maka takardar, kana cewa in bari kana aiki.”

Aka tasa ƙeyar Garkuwan rajista zuwa aji ɗaya, taku goma sha biyu daga ƙofar ajinsa. Aka zaunar da shi a kan bencin da tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, gwiwoyinsa suna taɓa haɓarsa, Ummi ta buɗe littafi tana nuna masa da yatsa: ba, be, bi, bo, bu. Malama Asabe kuwa ta jawo takardar halarta, ta rubuta sunansa a can ƙasa, ta ƙara da jar biro: ya makara.