Akuyar Goggo Ta Hau Lasifika

"Lahiya lau, uwargida. Ya gajiyar hanya? Ko jakin da yak kawo ki za ni yi ma sannu?"

"Yi mashi. Ya hi ka ladabi, tun daga gida bai mai da man magana ba."

Haka Mas'ud ya tarbi kakarsa, Goggo Lauratu, a bakin rumfarsa da ke kasuwar Nasarawa Burkullu, ranar kasuwar ƙarshen shekara. Sana'arsa cajin waya ce da tura waƙoƙi a memori, amma yana da wani aikin da babu wanda ya sa shi. Duk ƙarshen shekara sai ya ɗaure lasifika a saman rumfa, ya yi shelar waƙar da ta fi daɗi a bana, da wadda ta fi muni. Mawaƙan suna can Kano da Kaduna, ba su ma san ana yi ba, amma 'yan kabu-kabu har cacar baki suke yi a kai.

To bana abin ya shigo gida. A bikin jikarta Surayya, wadda aka kai Gwashi, Goggo ta kifa ƙwarya ta yi waƙa, abin da rabonta da shi tun rasuwar mijinta, Malam. Wani ya ɗauka a waya. Ana tsakiyar waƙar sai akuya ta zura kai cikin tuwon baƙi, Goggo ta katse baiti ta kwatsa mata ihu, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya kamar ba ita ba. Waƙar ta bi bulutut daga waya zuwa waya har Gummi da Anka, da ihun da komai. Jiya kuma masu kai tsegumi suka kai mata cewa tata ce za a kira mafi muni.

Goggo ta dire ƙwaryar da ke kanta, ta riƙe ƙugu.

"Kai, mijin banza, gaskiya ta abin da nij ji?"

"Mi kij ji, da kunnen nan naki da sai an yi tsawa?"

"Wai yau za ka aza ni bisa lasihika, ka ce babu waƙad da tak kai tawa muni bana."

"Ni alƙali na, tsohuwa. Jira ki ji tare da jama'a."

"Alƙali! Wa naɗa ka? Kai da nig goya kana jiƙa man zane?"

"Jama'a sunka naɗa ni. Duk memorin da ac cikin kassuwag ga ta hannuna yab biyo. Na san wadda samari ka so, na san wadda 'yan mata ka so, na san wadda malamai ka cewa a tura masu a ɓoye."

"To hwaɗa man, wace ta 'yan kabu-kabu sunka hi so?"

"Wata ta rawa, mai ganga kamar ana sussukar gero. Saboda ita Sufyanu yaw wuce mararrabar Bukkuyum da hwasinja, bai sani ba sai da sunka kusa Gummi."

"Ita kenan ta kirki?"

"Ta samu yabo. Akwai ta soyayya kuma, wadda tac cinye batirin 'yan mata. Ita tab biya man kuɗin man janareta bana."

"Allah shi sawwaƙe. Ai waƙoƙinku duk guda ta. Ina son ki, kina so na, in kin ƙi ni za ni mutuwa. Shekara nawa kuna hwaɗi, har yau ban ga an ɗauko gawa ko ɗaya ba."

"Ke taki mi tac ce? Akuya."

"Kuma muryoyin duk sai an tura su cikin inji, su hito kamar sauro ya shiga gwangwani. Ni da maƙoshina niy yi tawa, da ƙwarya da ludayi."

"Shi ya sa akuya taj ji ta, taz zo ba da agaji. Ta aza wata 'yar'uwatta ta anka ɗaure."

Masu jiran caji suka tuntsire da dariya. Goggo ta harare su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta canza dabara. Ta buɗe faifan ƙwaryar da ta zo da ita, fura ce damammiya da nono mai kauri, har mai yana yawo a sama.

"Maigida na kaina," in ji ta da murya mai laushi. "Dubi abin da nik kawo maka. Nonon rugar Giɗaɗo na, Saudatu da kanta tat tatso."

"Yau ni na maigida? Ɗazu mijin banza nike. Jama'a ku shaida, ana ba alƙali toshiya da rana tsaka!"

"Wace toshiya? Mata ta kawo ma mijinta hura. Abu guda ni ka so, shiga injin nan naka ka yanke wurin akuyag ga."

"In na yanke ga nawa, wa za ya bi wayoyin Anka da Gummi shi yanke? Ke ba ki sani ba, wani makiyayi ya mai da ihun naki ƙarar kira. Duk sadda anka kira shi, awakinai watsewa su kai."

"Ƙarya ka kai, ɗan nema!"

"Ga wanda yag gani nan, tambaye shi."

Goggo ta mayar da faifai ta rufe furarta.

"To tunda alƙali na kai, ina taka waƙar? Ka aza ban sani ba? Ka sai da ragonka, kat tahi Gusau, kash shiga situdiyo kay yi ma budurwarka Hafsa waƙa. Wa taɓa zuwa yac ce a tura mashi ita?"

Mas'ud ya shiga gyaran wayoyin caji da babu abin da ya same su.

"Waƙag ga ta masu hankali ta, sai a hankali za a gane ta."

"Gyara ka ka ba da ita! Mutum shi sayi waƙoƙinai, ka cusa mashi taka kyauta, gobe shi dawo shi biya ka a goge. Ita Hafsar da anka kunna mata, cewa tay yi wa na ba shi da lahiya."

"Ai kuka na soyayya."

"Na haƙori dai."

Wannan karon dariyar a kansa ta faɗa, har mai shayin da ke gefe ya ajiye buta. Goggo ta buɗe baki za ta ƙara masa, sai idonta ya faɗa kan wata dattijuwa a layin masu tumatir. Fatsuma ce, uwar mijin Surayya, ta zo kasuwa daga Gwashi da 'yan rakiyarta. Nan take wasan ya fice wa Goggo daga rai, tsoro na gaske ya kama ta. Ta matso kusa da jikan nata, ta rage murya.

"Mas'udu, ban da wasa. Ga surukan Surayya can. Tun da Malam yar rasu ban taɓa ƙwarya ba, sai don yarinyag ga. In kac ce tawa ta hi muni gabansu, ita za a riƙa yi ma dariya gidan miji. Ni kau na aje waƙa kenan har in mutu."

Mas'ud ya dube ta. Ya ja janareta, ya hura makirufo, lasifika ta yi ƙara, mutane suka fara taruwa.

"Jama'ar kassuwa! Shekara ta ƙare, alƙali ya zauna! Waƙad da tah hi kowace bana, wadda babu ranad da ba a tura ta ba ga rumhwag ga, ba Kano anka yi ta ba, ba Kaduna ba. Ta wata tsohuwa ta, mai rowar hura!"

Ya danna. Kiɗan ƙwarya ya cika kasuwa, muryar Goggo ta tashi garau: "Ayye Surayya, zumar gidanmu, mutanen Gwashi ku riƙe da kyau." Mata suka tsaya da tallarsu a ka. Da aka zo wurin ihun akuyar, sai kasuwa kaf ta ɗauka baki ɗaya, da mahauta da masu gero da 'yan kabu-kabu:

"KAI! KU KORE AKUYAG GA!"

Guɗa ta ɓarke. Goggo ta rufe fuska da mayafi, tana dariya hawaye na zuba, ita kanta ba ta san wanne ya fi yawa ba. Sai ga Fatsuma ta ratso taro ta kama hannunta.

"Ashe ke ta nan, Goggo! Ai mu Gwashi da waƙag ga mu ka daka. Bikin autata na nan bayan Salla, ke za ki yi muna. Amma da akuyar, in babu mu aro."

Goggo ta share ido, ta fizge makirufo daga hannun Mas'ud.

"Saura mahi muni! Alƙali ya ji kunya, ni za ni hwaɗi. Ta wani yaro ta, da yas sai da rago yas sayo kuka!"

"Ta Mas'udu!" kasuwa ta amsa, kamar dama jira ake yi.

Mas'ud ya dafe kai. "Na karɓa. Hukunci ya yi daidai."

"To ina kyautata?"

"Wace kyauta? Ba a taɓa ba da kyauta ba."

"Don ba a taɓa samun wanda yaz zo karɓa ba. Ni ga ni."

Ya duba hagu, ya duba dama, babu mai cetonsa. Ya miƙa hannu ya sauko da 'yar rediyo mai memori, sabuwa fil a kwalinta, ya ɗora mata a hannu.

"Ga ta, uwargida. Bari in saka maki taki. Tawa kuma yanzu za ni goge ta, kowa shi huta."

"A'a, kar ka goge. Saka man ita ciki."

Mas'ud ya washe baki. "Kun ji ko? Ashe tana so!"

"So? Bakin rumbu za ni kunna ta. Ita ta riƙa korar awaki, ni in adana muryata don bikin Gwashi."

Mas'ud ya yi dariya har ya zauna a kan benci. Goggo ta buɗe faifai, ta tura masa furar gabansa, ta miƙa masa ludayi.