Hoton Saukar Gwaggo Hassu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar walimar saukar Gwaggo Hassu, ƙanwar mahaifina. Ana neman shekara uku ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Sai dai kafin mu isa walimar, bari in fara daga ranar da na ɗebo ruwan dafa kaina.

Na gama makarantar horon malamai, aiki ya ƙi samuwa, ina zaune a ƙauyenmu kusa da Bagwai ina ɗan koyarwa a Islamiyya da yamma. Yayana Auwalu, wanda ke noman tumatir a Watari, shi ya kawo shawarar in koyi hoto. Hujjarsa mai kyau ce. A wajenmu namiji mai hoto iyakarsa zaure, ba ya shiga cikin mata, saboda haka duk suna da biki da walima sai dai a ɗauka da waya, a sare wa wannan kai, a bar wa waccan kunne ɗaya. Mace mai hoto kuwa har ƙuryar ɗaki za ta shiga. Ya ji labarin wata cibiyar koyon sana'a a birni, wata uku ake yi, ya ɗauke ni muka tafi.

Matar da ke rajista ta ajiye mana fom biyu. Ta ce aji biyu gare su: akwai na zamani, kyamara da kwamfuta, akwai kuma na da, wanda ake ɗauka da fim a wanke a ɗakin duhu.

"Na zamanin za ta yi," in ji Yaya Auwalu, ko kallona bai yi ba.

Na ce ai sai na leƙa tukuna. Muka leƙa ajin zamani, na ga kwamfutoci jere, 'yan matan birni na ta danne-danne suna hira, ko kallon hannunsu ba sa yi. Ni sau ɗaya na taɓa zama gaban kwamfuta, ranar jarrabawa, kuma ɗan kibiyar nan ya yi ta guje mini a fuskar allon har sai da mai tsaro ya zo ya kamo mini shi, ana kallo. Daga nan aka kai mu ɗaya ajin. Wani dattijo ne, Malam Ɗanlami, da ɗalibai uku kacal, da jan ƙwan fitila guda. Ya tsoma farar takarda cikin wani ruwan magani, ina tsaye fuskar mutum ta taso a hankali. Wallahi abin ya shiga raina. Ya ce, "'Yata, yanzu duk mai waya mai hoto ne. Amma masu wanke hoto, ƙirga mu ki gani."

Na fito na ce da Yaya ni ajin na da ɗin zan yi, don shi ne tushen sana'a. (Ƙarya nake. Gaskiyar magana, na lura a cikin duhu babu wanda zai ga ƙauyancina. Yau ne na fara faɗa da bakina.)

"Ke, a garinmu ina za ki samo fim?" in ji shi. "Ina za ki samo maganin wankin? Mutanen da in ka ɗauke su sai sun ce nuna mini?"

Na kawo masa maganar asali da inganci da ban san me da me ba. Ya kalle ni ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ya miƙa wa matar fom ɗin da na cike. Haushinsa na ji har muka dawo gida, don na san ya fi ni gaskiya.

Ban yi wasa da karatun ba, wannan kam a ba ni. Na iya auna haske, na iya wanki, na iya shanya. Kuma babu ranar da Malam Ɗanlami bai maimaita mana doka ta farko ba: fim da haske ba sa ga maciji, in fim bai sha magani ba ya ga rana, shi ke nan, ya mutu. Ya kuma koya mana in mun gama ɗauka mun naɗe fim ya koma ɗan gwangwaninsa, mu bar bakinsa a waje kaɗan, don jawo shi ya yi sauƙi a ɗakin wanki. Da na kusa gamawa ya ara mini wata tsohuwar kyamara da fim guda mai ɗaukar hoto talatin da shida, ya ce in je in gwada hannuna a kan mutanen gaske.

A daidai nan saukar Gwaggo ta taso. Gwaggo ta haura sittin. Bayan rasuwar mijinta ta shiga makarantar matan aure, shekara bakwai tana ratsa gonaki da ƙafa, da tabaranta mai ɗaure da zare, har Allah ya nufa ta sauke Alƙur'ani. Ɗanta guda ne, direban babbar mota a kudu, kuma bai sami zuwa ba. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "'Yar nan, ni hotona ɗaya a duniya, na katin zaɓe, kuma in kin gani sai ki ce an kamo ni da kazar mutane. Ina so ki ɗauke ni riƙe da allo, ga Malama a gefena, a aika wa Sale ya ga uwarsa." Na bugi ƙirji na ce ta bar komai a hannuna.

Ranar walima gida ya cika maƙil da mata. Su biyar ne suka sauke, Malamarsu ta zo daga Rimin Gado da allon zayyana guda ɗaya, kowacce ta riƙe ta yi karatunta ta miƙa wa ta gaba. Ni kuwa na rataya kyamara a kan hijabi, ina taku ɗai-ɗai. Da na ga 'yan mata sun fara ɗaga wayoyi suna tare mini gaba, sai na ɗaga murya na ce kowa ta mayar da wayarta jaka, hasken waya yana lalata injina. (Babu wannan a karatunmu. A nan take na ƙirƙire shi, don kawai in zama ni kaɗai.) Abin takaici, suka yarda. Har wata tsohuwa ta dangware jikarta a kan haka.

Gwaggo ta karanta farkon Baƙara, Malama na dafe da kafaɗarta. Na durƙusa, na miƙe, na koma gefe, na ɗauke ta ya kai sau goma. Na san na sami hoto, a jikina na ji.

Matsalar ita ce duk wadda na ɗauka sai ta biyo ni. "Mu gani." "In na rufe ido ki goge." Iya Tabawa, aminiyar Gwaggo, har da riƙe mini hannu tana leƙa bayan kyamarar. "Wannan ba ta da talabijin ɗin ne? To ina hoton yake shiga?" Nan ne fa ya kamata in tsaya in yi musu bayani, minti ɗaya ya isa. Amma bayani zai rage mini girma. Sai na yi murmushi na ce, "Iya, sirrin sana'a ne. Yana nan ciki."

Fim ya ƙare dab da la'asar. Malama ta yi addu'a, ta naɗe allonta a zane, aka raka ta mota. Ni kuma na tsaya tsakiyar gida inda kowa zai gan ni, na naɗe fim, na bar bakinsa a waje kamar yadda aka koya mini, na ciro ɗan gwangwanin. Rigata ba aljihu, ga sallah. Maimakon in bar shi cikin jakata kamar mai hankali, sai na taka har gaban Gwaggo na ɗora mata a tafin hannu. "Gwaggo, ga ki nan ciki, ke da allonki da Malama. Riƙe mini amana in yi sallah."

Raka'a huɗu na yi. Ban ma tsaya dogon lazimi ba.

Ina fitowa na hango tsofaffi sun yi da'ira a gindin darbejiya, duk sun ɗaga kai sama. Gwaggo na riƙe da gwangwanin, Iya Tabawa na can nesa da ita riƙe da bakin fim, sun miƙe shi gaba ɗaya kamar masu awon yadi, sun ɗaga shi saitin rana. Wata na goge shi da gefen mayafi wai ko ƙura ce. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne innalillahi.

"Yauwa, zo nan," in ji Iya Tabawa. "Mun duba daga farko har ƙarshe, babu kowa a ciki. Ke kin tabbata kin iya abin nan?"

Sai ga matan gida duk sun taso. Wata ta ce dama ita tun da ta ga inji ba talabijin ta san za a rina. Wata ta ce an hana su ɗauka da waya a banza. Wata tana tambaya wata ukun da na yi a birni me nake yi. Raina ya ɓaci, ya kai maƙura. Maganar tana bakina: ku ne kuka kashe shi, wa ya aike ku, amana na bayar ba kallo ba. Na juya zan faɗa, sai idona ya faɗa kan Gwaggo. Ta sauke hannu, tana kallon fuskata, ba fim ɗin ba. Ta ga yadda na yi, kuma Gwaggo ba wawiya ba ce.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "ko ni na ɓata?"

Matar da ta yi shekara bakwai tana jiran wannan yini, in ce mata da hannunta ta shafe shi, a gaban kowa? Na haɗiye abin da ke bakina. Na ce, "A'a, Gwaggo. Ni ce ban saka fim ɗin daidai ba. Ban gama iyawa ba."

Gidan ya ɗauki salati da tsaki. Daga baya aka gano wata 'yar ƙanwata ta saci hoto guda da waya duk da dokata. Aka taru a kansa da murna. Ga gefen allo, ga hannun Malama, ga kuma bayana ya cika hoton, na duƙa na tare Gwaggo ɗungurungum. Shi aka aika wa Sale, don babu wani.

Har yau Gwaggo ba ta san gaskiya ba, ko kuma ta sani ta bar ni da ladana, ban taɓa tambaya ba. Duk baƙuwar da ta nemi ganin hoton sauka, sai ta ce, "Yarinya ce, a yi mata uzuri, kanta ne bai ɗauka da wuri ba," ta kuma sa mini albarka. Ni kuma ina zaune a gefe sai in ce amin.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi. In ka san abu, faɗa wa mutane tun suna tambayarka da baki, don in ka ja musu aji, da hannu za su nemo amsar. Kuma kada ka kuskura ka ce wa tsohuwa tana cikin gwangwani, sannan ka ba ta gwangwanin ka tafi sallah.