Hantar Akuyar Matata Ta Shiga Fayil

Da safiyar Talata na je ɗibar ruwa a tankin unguwa, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a gaban mata tara. Bokiti ya tsage, ƙuguna kuma har yau bai yafe mini ba. Gansakuka ce ta kayar da ni, wannan koren yauƙin da ke fitowa a ruwan da ya daɗe a kwance. Shekara huɗu ke nan ba a wanke tankinmu ba. Gansakukar ta cika cikinsa, ta biyo famfo, yanzu ta sauko ƙasa tana neman fili.

Ba shiru muka yi ba. Takarda bakwai muka rubuta, biyar da ƙafata na kai su. Da muka gaji, sai muka shirya mu fito ranar Asabar ɗin da ta wuce da tsani da buroshi mu wanke abinmu. Ashe labari ya kai sama. Ana gobe za mu fara sai ga motoci uku, aka fito da Mai Girma Babban Mai Kula da Ruwan da Ke Kwance, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi.

Ya hango tankin daga nesa, ya toshe hanci da hankici, sannan ya yi mana albishir. Wai wasu masana sun ba ɓeraye gansakukar ruwan daɗi, suka duba hantarsu suka tarar ta yi kyau. Akwai wani sinadari a cikinta, in ji shi, da ke hana hanta lalacewa, yadda fenti ke hana ƙarfe tsatsa.

"Saboda haka wannan ba datti ba ne, arziki ne," ya ce. "Wasu unguwannin nema suke ba su samu ba."

Muka tafa, tunda an zo da mai ɗaukar hoto.

Dogo mahauci ne kaɗai bai tafa ba. Shekara talatin yana fiɗa, hantar da ta bi ta hannunsa ta fi mutanen unguwarmu yawa. Ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, su ɓerayen nan, daga tanki suka sha, ko tace musu aka yi aka auna?"

"Tambaya mai kyau. Kwamiti zai duba."

"Don tamu har da mataccen ƙadangare a ciki."

"Shi ma kwamiti zai duba."

Kafin yamma an kewaye tankin da waya, an bar ƙofa ɗaya ta masu bokiti, an kafa allo: Wurin Bincike, An Hana Wankewa. Shi allon kam ana kula da shi, akwai mutum musamman da ke zuwa yana goge masa ƙura.

Ni ba na jayayya da ilimi. Mai yiwuwa ɓerayen sun samu lafiya, ina taya iyalansu murna. Damuwata jikata ce, 'yar shekara uku, da uwarta ta bar mana ta tafi aiki wani gari. Cikin wata biyu sau uku muna kai ta asibiti da gudawa. Matata tana tafasa ruwan, amma gawayi ba daga famfo yake zubowa ba, kuma yarinya in ƙishirwa ta kama ta ba ta tambayar wane bokiti aka tafasa. Gaskiya tsoro nake ji.

Washegarin faɗuwata, akuyar matata, wadda tun haihuwarta ruwan tankin take sha, ta kwanta ta ƙi tashi. Muka kira Dogo ya yanka ta kafin ta zama asara. Da ya ciro hantar sai ya juya ta a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Malam, hanta mai lafiya sumul take. Dubi wannan. Ta kumbura, ta yi tabo-tabo, ga tsutsa. Ko kare ba zan ba ba."

Matata ta share ido da bakin zani ta ce, "Ka kai musu. Tunda hanta suke karantawa, ba takarda ba."

Na ƙulle ta a leda na nufi ofishin Mai Girma. Awa uku ina kan benci, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya tuna yana da wani uzuri. Da layi ya zo kaina, akawu ya leƙa ledar da bakin biro.

"Baba, ai wannan ta akuya ce. Rahotonmu na ɓera ne."

"Ruwan ɗaya ne, ɗana."

Ya shiga ciki da ita. Can sai ga shi ya fito yana fara'a.

"Oga ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a gode maka. Saboda kai za a faɗaɗa binciken ya haɗa da awaki. Shekara uku, da sabuwar mota. Kada kowa ya taɓa tankin kafin a gama, kar a ɓata sakamako."

Ya buga wa ledar hatimi, ya ba ta lamba.

Na ce, "To mutane fa? Ina da jika ƙarama."

"Mutane sai zagaye na uku. Kar ka damu, Baba, ba sai kun cika fom ba. Duk unguwarku tana ciki."

Da na koma gida na faɗa wa matata yadda ƙorafina ya ƙara wa tankin shekara uku. Ta ɗauki gatari ta fara farfasa katakon garken akuyar, ta hura wuta, ta ɗora ruwan yarinya. Na ƙiyasta katakon zai kai mu mako biyu, in an yi tattali.

Ni kuwa na riga na bar wa Dogo wasiyya. In zagaye na uku ya zo kaina, ya fara duba tawa hantar kafin a kai ofis. Shi dai aikinsa ba ya wuce minti biyu, kuma bai taɓa neman mota ba.