Rasuwar Gwaggo, Igiyar Tsanin Biri

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Malam Andrawus, a madadin ƙungiyar malamai masu hawan dutse ta Kafanchan, nake sanar da jama'ar Ubangiji rasuwar igiyarmu, wadda muke kira Gwaggo. Ta rasu yau Asabar da hantsi a bayan dutsen Kagoro, tana bakin aiki. A daidai lokacin da nake wannan rubutu ƙanwata Bernice tana tsaye a wani ɗan taki a tsakiyar gangaren, wurin da bai fi faɗin tabarma ba. Ba ta iya hawa, ba ta iya sauka.

Na roƙi Fasto a buga ƙararrawa a tara mutane. Ya ce ka'idar ikilisiya ce, ba a bugawa ranar Asabar sai an yi mutuwa. To, ga mutuwa.

An haifi marigayiya a wajen aikin reluwe, inda ta yi ƙuruciyarta tana ɗaure kaya a taragu. Ta zo hannuna bayan yaƙi, daga wani tsohon ma'aikaci da zai koma gida. Mace ce mai haƙuri, ba ta zaɓen wanda za ta ɗauka. Ta ɗauki hedimasta da tumbinsa, ta ɗauki masu ihu da masu addu'a. A hanyar nan da muke kira Tsanin Biri, wadda ko masu itace sun daina bi, ita ce uwa, ita ce uba. Maganarta ɗaya ce: in nauyi ya hau ta sai ta ce "ƙiiƙ, ƙiiƙ", kamar tsohuwa tana miƙewa daga kujera. Duk wanda ya ji wannan ya san zai kwana a gida.

Ciwon ajalinta gajere ne. Mun hau lafiya. Da za mu sauko muka tarar ruwan damina ya tafi da kututturen da muka saba ɗaure ta, sai Kambai, shugaban tafiyar, ya ɗaura ta a wata ɗorawa da ke bakin gangaren. Babu wanda ya ɗaga kai, balle ya ga amyar zuma a reshen sama. Na sauka, Bernice ta biyo ta tsaya a takin tana hutawa, abokin aikinmu Martins ya kama hanyar saukowa. Nauyinsa ya girgiza bishiyar. Ƙudan zuma suka fito baƙi ƙirin, suka rufe Kambai. Shi kuma ya yi abin da kowane ɗan ƙauye zai yi: ya tsige ciyawa, ya ƙyasta ashana don hayaƙi ya kore su. A watan Disamba. Ciyawar ta bushe ƙayau.

Gwaggo ta riƙe Martins wuta tana cin wuyanta. Ta riƙe shi har ya wuce rabin hanya, na ji tana kuka da wata murya da ban taɓa ji ba. Daga nan ta ce "ɗas".

Ta bar Martins, wanda muka kai asibiti a kan ƙyauren ɗaki, ƙafa a karye. Ta bar Kambai, wanda ba mu ƙara gani ba tun da hayaƙi ya rufe saman. Ta bar butar shayi, da sanduna, da ni. Ta bar Bernice, mai goran ruwa rabi, wadda ta leƙo ta ce mini in na kuskura na gaya wa Mama, gara in bar ta a can. Mama, ki gafarta mini, yanzu kin ji.

Na san abin da ake faɗa a kasuwa, wai kakanninmu sun sha wuya sun sauko daga dutse, mu kuma boko ya mayar da mu. Ku faɗa a hanya, amma ku zo.

Za a yi jana'iza yau kafin rana ta faɗi, a gindin Tsanin Biri. Za a tashi daga ƙofar coci da an gama buga ƙararrawa. Iyalin ba sa karɓar kuɗin gaisuwa, ba sa son burkutu ko kunu. Kowa ya zo da igiya: ta rijiya, ta shanu, ta shanya. Za mu ƙulla su, mu zaga ta hanyar jama'a zuwa sama, mu zura wa Bernice. Sai ta taka ƙasa za a binne Gwaggo.

Mai gaisuwa na farko ya riga ya iso ina kan wannan layi. Wani dattijo ne daga unguwar kan dutse, ban san shi ba, fuska a kumbure, toka har gwiwa, da kwari a kafaɗa. An ba shi ruwa ya ƙi. Ya ce amyar tasa ce, kuma wutar ba ta tsaya a bishiya ba, ta ci rumbunan accarsu. Kambai yana hannunsu. Samarinsu suna zaune a bakin gangaren, kuma babu igiyar da za a sake ɗaurawa a dutsen nan sai mai igiyar da ta ƙone ya hau ya tsaya gaban dattawa.

Ya tambaya wane ne mai ita. Kowa ya juyo yana kallona.